Shefko Wanzami da Tayoyin Sanyi

Ranar Laraba aka wuni ana ruwa, irin siririn ruwan ƙarshen Nuwamba da ba ya ƙaruwa kuma ba ya ɗaukewa. Kafin asubar Alhamis sai gari ya washe tas, sanyi ya sauko daga tsaunuka ya kama duk abin da ruwan ya jiƙa. Da rana ta fito, hanyar ƙauyen Brezak tana nan baƙa kamar kullum, babu ko ɗigon fari a kanta, sai dai tana ɗan sheƙi. Kaji suka ƙi fitowa. Rigar da aka manta a igiyar shanya ta sandare da hannuwanta a buɗe. Duk wanda ya girma a tudun Peshter ya san wannan sheƙin, ya kuma fi tsoronsa a kan dusar ƙanƙara mai kai gwiwa.

A wannan safiyar ce Shefko wanzami ya faɗi da babur.

Da a ce a wani lungu ya faɗi, da abin ya zo da sauƙi. A'a, a shimfiɗaɗɗen wuri ya faɗi, gaban kantin ƙauye, inda mata bakwai ke tsaye da bokitansu suna jiran motar madara. Bai yi gudu ba, bai taka birki da ƙarfi ba. Tayar gaba ce kawai ta ce ba ta yi, sai ya ji kafaɗarsa a ƙasa. Zabirarsa ta buɗe, asake da sabulu da buroshin kumfa suka watse a kan hanya. Tsohon gwangwanin da yake ɗaurewa a bayan kujera ne kaɗai bai kwance ba.

"Innalillahi! Kawu Shefko!" Matan suka yo kansa suna santsi.

Yana kwance ya ɗaga hannu. "Kada wadda ta taɓa ni. Ku tattaro mini asakena, ku kama ta wajen ƙota, kada wata ta yanke ta ce ni ne."

Shi ya tashi da kansa, shi ya ɗaga babur ɗin, ya tura shi gida jini na bin girarsa. Kafin ya kai ƙofa, ɗaya daga cikin matan ta riga ta buga wa 'yarsa waya a birni.

Shekararsa saba'in da shida a lokacin. Aski gado ne a gidansu, ubansa wanzami ne, kakansa ma haka. Hawan babur kuwa a aikin soja na dole ya koya, inda aka sa shi kai takardu tsakanin sansani da sansani shekara ɗaya da rabi. Babur ɗin nasa da 'yarsa Zumreta sa'anni ne, shekarar da aka haife ta ya saye shi, wani baƙi mai hayaƙi da ƙara, wanda karnukan ƙauyuka biyar suka san muryarsa. Da can shago gare shi a Brezak, da kujera mai juyawa da babban madubi. Sai samari suka fara tafiya, wasu Jamus, wasu Turkiyya, wasu birni, har aka wayi gari kawunan da suka rage ba su kai a hura murhun shago saboda su ba. Ya rufe shagon, ya koma bin tsofaffi gida gida.

Alhamis ta Kamenik ce. Unguwa ce a can sama, kilomita goma sha ɗaya daga Brezak, huɗu kwalta, sauran tsakuwa da hawa. Da gida arba'in ke hayaƙi a can, yanzu shida. Tsofaffin da ke ciki ba sa iya saukowa masallaci, amma ba wanda ya yarda Juma'a ta same shi da ƙazamar fuska, ko da a kan gado zai yi sallarsa. Babbansu shi ne Hamdo, ɗan shekara casa'in da uku, wanda ƙafafunsa suka daina aiki amma bakinsa bai daina ba. Tun da ya kwanta bai bar kowa ya kai ƙarfe kusa da maƙogwaronsa ba sai Shefko, kuma har yau "yaro" yake ce masa.

Mutane suna da maganar da suke yi a kan Shefko. Cewa suke shekara arba'in yana hawa Kamenik a cikin sanyi, bai taɓa faɗuwa ba, bai taɓa sauke ƙafa ba, har a Kwanar Marmaro, inda ruwan da ke tsatsa daga dutse yake malalowa kan hanya ya daskare. Masu tarakta ma addu'a suke yi a wurin. Shi bai taɓa faɗin haka da bakinsa ba. Bai kuma taɓa ƙaryatawa ba. In an tambaye shi sirrin, sai ya ce taya. Tayoyi huɗu gare shi, biyu na rani, biyu na sanyi, kuma ranar da ruwan shanu ya fara kwana da ɓawon ƙanƙara, ranar yake sauyawa.

To, da ya shiga gida ranar da ya faɗi, bai ko wanke jinin ba. Ya durƙusa gaban tayar gaba a rumfa, ya danna farcen babban yatsansa a kan robar. Kamar ya danna katako. Ya sake dannawa a wani wurin, haka. Sai ya kai hancinsa ya shinshina, ya daɗe a haka, sannan ya miƙe ya nufi ɗakin girki.

Yayarsa Ifeta ce ke riƙe masa gida tun da matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce. Ta ba shi shekara huɗu, kuma ba ta bari ya manta.

"Yaya, a ina kike ajiye tayoyin nan in na cire su?"

Tana murza ƙullin burodi, ba ta juyo ba. "Inda ake ajiye abin da ake so ya daɗe."

"Ina ne nan?"

"Ɗakin banda mana. A can sama, jikin ƙarfen da ake rataye nama."

Shefko ya dafa bango. Ɗakin banda rufin kwano ne, da rani kamar tanda yake. Da kaka kuma mako uku ake yi wuta na ci a ƙasa, hayaƙi na ratsa naman shanu.

"Shekara uku kina gasa mini taya?"

"Wa ya gasa? Igiya, linzami, ƙotar gatari, takalman fata, duk can babanmu yake rataye su, wanne ne ya lalace? Da matarka ke jefa su ɗakin ƙasa cikin danshi ba ka yi magana ba, sai ni da na tausaya musu."

"Taya nama ce, Yaya?"

Ta juyo da hannuwa duk gari. "Ɓera ya ci? Faɗa mini, ɓera ya ci ko guda?"

Ɓera bai ci ba. Ya fita ya bar ta. Amma da ya koma rumfa ya zauna, sai ya ƙirga da yatsu, ya ga tayoyin shekararsu tara. Kuma rabon da ya sa musu farce kafin ya ɗaura su, tun matarsa na da rai. Ya saba da su ne har ya daina tambayarsu. Wannan kam bai gaya wa Ifeta ba.

Ranar Asabar Zumreta ta iso. Ma'aikaciyar jinya ce a birnin Nobi Pazar, sashen masu karaya, kuma bakinta na ubanta ne. Ko mayafi ba ta cire ba ta sa shi ya ɗaga riga. Gefensa na dama ya yi baƙi tun daga hammata har ƙugu. Ta latsa, ya cije.

"Haƙarƙari biyu, in ba uku ba," ta ce. "Baba, ka san nawa ne irinka suke zuwa mana duk lokacin sanyi? Su shigo da ƙugu a karye, su fita a makara."

"Su waɗannan a banɗaki suke faɗuwa. Ni a bakin aikina na faɗi."

"Ɗaki yana nan na gyara maka. Da ɗumi, da ruwan zafi a famfo, masallaci na kallon taga."

"Hawa na nawa?"

"Na huɗu."

"Ni tantabara ne?"

Ba ta yi dariya ba. Ta fita rumfa, ya ji ƙarar makulli, ta dawo tana sa shi a jakarta. "Alhamis ta sama zan dawo da mota da akwatuna. Goggo Ifeta ma in tana so, akwai wurinta."

"Ni ba inda za ni," in ji Ifeta daga bakin murhu. "Shi dai ki kwashe shi, ya ishe ni."

Shefko ya dubi jakar. "Zumreta, babur ɗin nan da ƙusa ma yana tashi. Tun ba ki iya tafiya ba nake ta da shi da ƙusa in na manta makulli."

"Na sani. Ka ta da shi da ƙusa, Baba, ka fita kamar ɓarawo a gidanka, ni kuma in zauna ina jiran waya."

Wannan maganar ce ta ɗaure shi. Da ta yi masa tsawa, da tuni ya nemo ƙusa. Amma shi ba zai hau babur ɗinsa a sace ba. Makullin yake so, daga hannunta, kuma ba zai kwana ko ɗaya a hawa na huɗu ba.

Ranar Litinin ya bi motar madara zuwa garin Siyenitsa, wurin Smayo mai faci, wanda ke sayar da tayoyi a bayan kasuwar shanu. Daren Lahadi dusar ƙanƙara ta sauka sosai, an share ta an tara a gefen shagon. Smayo yana hango shi ya buɗe hannuwa.

"A'a, ga mai tashi sama! Kawu, an ce ka shimfiɗe a gaban matan Brezak har bakwai, ka ƙi tashi."

Mutum uku da ke shan gahawa a kan benci suka kwashe da dariya.

"Ni na yi maka kaciya, Smayo," in ji Shefko. "Na san iyakar jarumtakarka, har ƙauyen gaba aka ji ihunka. Fito mini da tayoyi."

Smayo ya mirgino iri uku. Ta farko faffaɗa ce mai sheƙi da zane mai kyau, ya ce samarin da ke zuwa hutu daga Jamus ita suke nema. Ta biyu haƙoranta manya kamar na tarakta. Ta uku siririya ce, ba kyan gani, haƙoranta ƙanana a matse.

"Da ni ne kai, Kawu, mai haƙoran nan zan ɗauka, sai in dasa maka ƙusoshi a kai. Ko bango ka hau."

"Kilomita huɗu na farko kwalta ce. Ka taɓa ganin doki mai takalmin ƙarfe a kan siminti? Ga 'yan sanda kuma, doka ta hana ƙusa a kan kwalta. Bar ƙusoshinka."

Ya taɓa kowacce, duk suna da laushi, don shagon da murhu. Sai ya ɗauki faffaɗar ya fita da ita, ya tura ta cikin tarin dusar ƙanƙara har ta ɓace. Ya dawo ya ɗauki ta biyu.

"Kawu! Kayan sayarwa ne fa, ba dankali ba!"

"A ɗakinka zan hau su? A waje zan hau su. Su kwana a waje, gobe mu ji abin da za su ce."

Ya binne ta uku, ya kakkaɓe hannu, ya tafi gidan wani ɗan'uwansa ya kwana.

Washegari da sassafe sanyi ya wuce digiri goma sha biyar ƙasa da sifiri. Labari ya zaga, mutum ya kai goma a ƙofar shagon, har da mahauci da wani direban bas, sun zo kallon tsohon da ya shuka taya. Shefko ya tono su ɗaya bayan ɗaya, ya cire safar hannu, ya sa farce. Faffaɗar nan mai kyau ta zama itace, farcen ya zame a kanta. Mai haƙoran tarakta ta ɗan amsa, amma da ya kama haƙori ɗaya ya girgiza, ko motsi bai yi ba. Ya zo kan siririyar. Farcen ya nutse, ya cire, suka sunkuya suna kallon shaidar tana cikowa a hankali.

"Wannan tana da rai," ya ce. "Kawo 'yar'uwarta."

Smayo ya shiga ciki ya kawo. Shefko ya juya gefenta ya nuna wasu lambobi huɗu da ke cikin ɗan zagaye, masu nuna lokacin da aka ƙera taya. "Karanta mini, idona ba ya kai nan."

Smayo ya karanta na farkon, bana aka yi ta. Ya karanta na biyun, ya ɗan yi tari.

"Shekara nawa?"

"Biyar. Amma sabuwa ce fil, Kawu, ba ta taɓa taka ƙasa ba."

"Ni ma ban taɓa zuwa Jamus ba, amma na tsufa. Mayar da ita."

Sai da Smayo ya buga waya wani shago a birni, aka aiko da ta bana a motar yamma. Da ya zo ɗaurawa, Shefko ya sake gwada su biyun, ya ware wadda ta fi laushi ya ce ta gaba ce. Ta baya in ta zame, in ji shi, mutum ya yi 'yar rawa ya wuce. Ta gaba ce ta kwantar da shi gaban mata bakwai.

Amma ko da ya kawo su gida bai ce sun gama ba. Ya shigo da su ɗakin girki, ya zaro tsohuwar askar ubansa da wasawa ta cinye har ta zama kamar ganyen ciyawa, ya zauna a gindin taga. Kowane haƙori na tayar ya yi masa tsaga uku a kwance, sirara, zurfinsu bai wuce ƙwayar sha'ir ba. A cewarsa, haƙori in ya taka ƙasa sai tsagogin su buɗe baki su kama. Haƙoran kuwa sun fi ɗari uku a kowace taya. Kwana huɗu yana yi, haƙarƙarinsa na sukarsa duk sanda ya sunkuya.

"Ni na bandace su an ce na yi laifi," in ji Ifeta. "Kai ga shi kana yanka su."

"Matsa daga haske, Yaya."

Alhamis ta zo ta wuce bai hau Kamenik ba, karo na biyu ke nan a jere. Direban motar madara ya kawo saƙo daga Hamdo: a gaya wa yaron nan gemu ya fara shiga miya, in ya mutu ne a faɗa, in bai mutu ba me yake jira. Shefko ya nufi rumfa. Ya ɗauki dutsen wasa wuƙa ya bi tayoyin yana goge sheƙin sabuntar da ke kansu, ya ɗaura su, ya cika tanki, ya bar babur ɗin yana kallon ƙofa.

Alhamis ta sama Zumreta ta iso da hantsi, da akwatuna biyu babu komai a ciki. Gari ya yi fari fat, rana na haske amma ba ta da zafi. Ta same shi a rumfa sanye da babbar rigarsa ta fata, zabira a rataye, gwangwani a ɗaure a bayan kujera.

"Sa farcenki nan," ya ce.

Ta sa. Ya gaya mata komai, ɗakin banda, tarin dusar ƙanƙara, lambobin nan huɗu. Har da abin da bai gaya wa Ifeta ba ya gaya mata, cewa shekara uku bai gwada tsofaffin ba, laifinsa ne. Ta saurara har ya gama.

"Ka yarda da su?"

"Na yarda."

"Ɗari bisa ɗari?"

"Na ce na yarda."

Ta ajiye akwatunan. "To ɗauke ni. In za su kai ka Kamenik, za su kai ni. In kuma ba za ka iya ɗora 'yarka a kai ba, ni ma ba zan ɗora ubana a kai ba."

Shefko ya dafa kujerar babur ɗin. Tun da yake bai taɓa goya kowa a hanyar nan cikin sanyi ba, ko uwarta. In ya ce a'a, ya faɗi da bakinsa, sai hawa na huɗu. In kuma ya ce to, akwai abin da ke kan hanyar nan wanda shekara arba'in ba wanda ya gani, yau za ta gani. Ya dubi tayar gaba, ya dubi siraran takalman birni da ke ƙafarta.

"Yaya!" ya ƙwala kira. "Kawo mata rigar uwarta da takalmanki. Da safa mai kauri ƙafa biyu."

Ya durƙusa ya rage wa kowace taya iska kaɗan, yana saurare da kunne. Zumreta da kanta ta sa makullin.

A kan kwalta tafiyar tsohuwar jaka suka yi. Wata tarakta ma ta wuce su, mai ita yana ɗaga hannu. "Haka kake tafiya?" ta tambaya a kunnensa. Ya ce taya ma sai ta ji ɗumi, kamar mutum. Da suka hau tsakuwa, dusar ƙanƙarar da aka tattake tana ƙara a ƙarƙashinsu, ya ɗan ƙara wuta. Ba ya taɓa birkin gaba, da giya yake rage gudu. Sau biyu bayan babur ɗin ya yi gefe, ta ƙanƙame shi daidai inda ya karye, gaban kuwa na nan inda ya sa shi. Suka wuce gidan ƙarshe, suka shiga cikin itatuwa, inda ba gida ba mutum.

Sai ga Kwanar Marmaro. Daga jikin dutse har bakin rami, tsawon taku sittin, hanyar ta zama gilashi mai kauri, shuɗi-shuɗi, a karkace wajen ramin. Zumreta ta runtse ido ta fara karanta abin da ta iya. Sai ta ji babur ya tsaya.

"Sauka," ya ce.

"Me ya faru? Ya lalace?"

"Sauka dai."

Ya kafe babur ɗin, ya zauna a kan dutse, ya zaro tsofaffin safunan ulu daga aljihu ya sa su a kan takalmansa ta waje. Ta gane saƙar uwarta. Ya miƙa mata nata. Sannan ya kwance gwangwanin nan da duk Brezak ta ɗauka hodar aski ce a ciki, ya buɗe. Toka ce ta murhu. Ya bi gefen dutse a hankali yana barbaɗa ta, siririn layi har ƙarshen ƙanƙarar, ya dawo. Ya sa giya ta ɗaya, ya kama ƙahon babur ɗin yana tafiya a gefensa da ƙafa, injin na ja, shi yana bi, taku ɗaya bayan ɗaya.

Ta biyo shi tana dafa dutse. Sai da suka tsallake ta iya magana.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

"Amma cewa ake ba ka taɓa sauke ƙafa a nan ba!"

"Ni na ce? Su suka ce." Yana haki, hannu ɗaya a gefensa. "Babu tayar da ke hawa wannan, Zumreta. Ba a yi ta ba, ba za a yi ta ba. Wanda ya sayar miki da ita maƙaryaci ne. Tayar kirki ta kawo ka nan, daga nan kuma ka san kai ba kowa ba ne, ka sauka."

Ta zauna a kan dusar ƙanƙara ta yi ta dariya har hawaye suka zubo, daga baya kuma ba dariyar ba ce. Ya tsaya yana cire safar, bai dube ta ba.

"In kika gaya wa wani, ba ni ba ke."

A Kamenik ta zare makullin ta mayar jakarta. Hamdo na jingine da matasai, fuskarsa ta cika da farin gashi kamar bushiya.

"Kai yaro, sai yau? Na ɗauka matan nan bakwai sun raba ka." Ya hango Zumreta. "Wannan kuma fa? Ka kawo mai jinya ta riƙe maka hannu kada ka yanka ni?"

"Rufe bakinka, tsoho, kada kumfa ta shiga."

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Ya jiƙa tsumma da ruwan zafi ya rufa wa tsohon a fuska, ya wasa aska a jikin fata, ya ja fatar kumatun da yatsa biyu. Ya bi fuskar da aska har maƙogwaro, ko ƙwarzane babu. Hamdo ya lumshe ido, ya miƙa wuya, ya yi tsit, abin da matarsa ta ce ba ya yi sai ranar Alhamis. Gida biyar suka shiga bayan nan. A gida na ƙarshe, da Shefko ya buɗe zabira zai mayar da kaya, sai ya ga makullin kwance tsakanin asake.

Bai ce an gode ba. Ita ce ta yi magana a hanyar fita. Ta ce duk kaka ita za ta zo ta sa wa tayoyin farce da kanta, ranar da suka ƙi amsawa a jefar, ko shekararsu ɗaya. Ya ce ya ji. Ta ce kuma zai riƙa yawo da waya a aljihu, a kunne ba a kashe ba.

"Wannan kam a'a. Ba za a kira ni ina kan maƙogwaron mutum ba."

Suka yi ta yi har gindin babur. Ita ta gaji, shi bai gaji ba.

Alkawarin rufa asiri kuwa, Ifeta kaɗai Zumreta ta gaya wa. Cikin kwana uku har Siyenitsa an ji. Da Smayo ya tare shi a kasuwa yana cewa ashe mai tashi sama da safa yake tashi, Shefko ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "To, sai me? Kai zo ka hau da safar mu gani." Ba a yi wata biyu ba aka fara ganin layin toka a Kwanar Marmaro a ranakun da ba Alhamis ba.

Yanzu shekararsa saba'in da tara, yana nan a Brezak tare da Ifeta. Hamdo ya rasu bara, ranar wata Asabar, da askinsa na kwana biyu. Kai huɗu suka rage a Kamenik, kuma duk Alhamis yana hawa. Tayoyin da ya yi wa tsaga an sauya su a kakar da ta wuce, Zumreta ce ta ce sun fara tauri, bai yi gardama sosai ba. Da rani sababbin suna ɗakin ƙasa, cikin buhu, bayan gangunan cuku. Ɗakin hawa na huɗu kuma an sa keken ɗinki a ciki.